Da digirina da furfurata na koma ajin koyon Turanci

Tun watan Nuwamban 2025 da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, ya ce a koma Turanci tun daga ajin farko, ake ta kai ruwa rana a nan Facebook. Wasu sun ce an yi wa harsunanmu kisan mummuƙe. Wasu sun ce da ma Hausar ce ta hana yaranmu cin WAEC da JAMB. Abokai biyu uku sun yi ta ambato sunana a ƙarƙashin rubuce-rubucensu wai sai na tofa albarkacin bakina, na yi gum. Gaskiyar magana, kunya ce ta hana ni. A daidai lokacin da ake wannan muhawarar, ni ina can ina zaga unguwannin Kano da yamma, ina neman inda zan koyi Turanci ba tare da idon sani ya gan ni ba.

Yau dai na ce bari in fasa ƙwan, don na san ba ni kaɗai ba ne.

Shekarata 46. Na yi shekara 19 ina aikin gwamnati, ina mataki na 14, ina hangen kujerar mataimakin darakta. Ina da digiri, ba na saye ba kuma, na zauna na yi shi da gumina. Ina karanta jaridar Turanci in gane, ina karanta sakula in fassara wa na ƙasa da ni. To me ya kai ni?

Wani taro ne. Masu ba mu tallafi daga ƙasashen waje suka kira zaman bitar aiki a wani otal, daraktanmu ya tafi ta'aziyya garinsu, aka ce in je in wakilce shi. Ban ji ɗar ba, don ni na haɗa alƙaluman da hannuna, na san kowane ƙauye da ke cikin rahoton nan. Na tashi na karanta abin da ke kan allo tsaf, har da tafi. Sai wata Baturiya ta ɗaga hannu ta yi tambaya: me ya sa aka kashe kuɗi da yawa a zango na biyu amma aikin da aka yi bai kai na zangon farko ba? Wallahi na san amsar. Damina ce ta yanke hanya, kuɗin mai ya tashi, 'yan kwangila biyu suka gudu. Da a Hausa ne, da na yi mata bayanin da sai ta ce ya isa. Amma da na buɗe baki sai kalmomin suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar ana jan guga a rijiya mai zurfi. Na fara jimla, na bar ta a hanya, na kama wata. Ina cikin haka sai wani yaro ɗan kamfanin tuntuɓa, wanda ko ƙauye ɗaya bai taɓa takawa ba a cikin waɗanda ake magana, ya karɓi makirfon ya ce, da Turanci mai santsi, "Abin da yake nufi shi ne..." Ya maimaita maganata. Kowa ya gyaɗa masa kai. Da aka tashi shan shayi, shi Baturiyar ta nema ta ba katinta.

Na koma gida ban iya cin tuwo ba. Uwargida ta zaci albashi aka yanke.

Bayan sati biyu kuma na gano wani abin. Yarinyar da take bautar ƙasa a ofishinmu, wadda nake ba takardu ta buga mini a kwamfuta, ashe tun zuwanta take gyara mini memo a ɓoye. Na kama ne don na ga wata jimla ta fi yadda na rubuta ta kyau. Da na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri yallaɓai, ɗan abu ne kaɗan." Yarinyar kirki. Amma ka ji yadda abin yake a ƙirji.

Wani zai ce ta yaya mai digiri zai kai nan? Duk wanda ya yi furamaren gwamnati a ƙarshen shekarun 1980 ya san amsar. Malam zai karanta littafi da Turanci, ya juya shi da Hausa sama-sama, mu haddace. A sakandare ana cin tararmu in mun yi Hausa, sai muka koyi yin shiru. A jami'a malami ya raba takardun lacca, ka haddace, ka zuba masa abinsa ranar jarrabawa. Da na kama aiki kuma sai na tarar da wani irin Turanci na musamman, Turancin fayil. Ba ka rubuta sabon abu. Ka ɗauko tsohon fayil, ka ga yadda wanda ya riga ka ya fara da "I am directed to", ka sauya kwanan wata da adadin kuɗi, ka sa hannu. Shekara 19 ina haka, ba wanda ya taɓa tsayar da ni ya ce in yi bayanin abu da bakina na tsawon minti biyar. A ofis Hausa muke yi, har a wajen taron shugabanni da zarar an gama karanta bayanin zaman baya.

To, na yanke shawarar neman makaranta. Sharuɗɗana na farko, in na tuna su yanzu dariya suke ba ni: ta yi nisa da sakatariya, ta yi nisa da unguwarmu, kuma a sami inda zan ɓoye mota. Ban ma tsaya tunanin wane irin Turanci nake nema ba. Wannan ne kuskuren da ya ci mini kuɗi.

Wuri na farko a saman wani bene ne, cikin jerin shaguna. Ga na'urar sanyaya ɗaki, ga kujeru masu juyawa, ga ƙaton allo a waje an rubuta za ka yi magana kamar Baturen Ingila cikin wata uku. Saurayin da ya tarbe ni yana magana ta hanci, sai da na ce masa, "Ɗan'uwa, yi mini da Hausa." Ashe ɗan cikin gari ne. Kafin ya tambaye ni me nake so, ya miƙo mini fom ya faɗi kuɗinsa. Na ce ina son in zauna a aji ɗaya in ga yadda ake koyarwa, ya ce ba a yi sai an biya. Na tambayi wa ke koyarwa, me ya karanta, ya ce ƙwararru ne. Ya ɗauko mini satifiket mai tambarin ruwan zinare ya ce irinsa za a ba ni. Na ce wace hukuma ce ta san da shi? Ya yi murmushi.

Ina saukowa daga benen nake cewa a raina, ni lafazi ne matsalata? Marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma in yana magana kana jin Kano a bakinsa, amma ba wanda ya taɓa cewa bari in faɗi abin da yake nufi. Ngozi Okonjo-Iweala tana riƙe da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun 2021 da harshenta na 'yar Najeriya, ba ta murɗe shi ba. Na san za a kawo mini Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai muryar zinare, wanda bidiyonsa ke yawo kowace ranar 1 ga Oktoba. To shi malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina, ya je Landan ƙaro ilimi, kuma abin da ke riƙe mai sauraro a jawabinsa tsarin maganar ne da natsuwa. Wannan ba a sayar da shi a wata uku.

Wuri na biyu shi ne ya ruɗe ni, don su da gaske suke. Cibiyar shirya wa jarrabawar IELTS ce. Ga wanda bai sani ba, jarrabawa ce ta auna Turanci da ake nema wurin mai son karatu ko aiki a ƙasashe irin su Ingila da Kanada da Ostareliya. Sassa huɗu ce: saurare, karatu, rubutu da magana. Makinta yana tsayawa a 9, kuma galibi shekara biyu ake amfani da sakamakon. Na ga an ce akwai magana da rubutu, na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Na biya kuɗin wata guda, kuɗin da a wannan marra, tun cire tallafin mai a 2023, ba ƙaramin abu ba ne a aljihun ma'aikaci.

Ajin cike yake da ma'aikatan jinya da matasa masu neman gurbin digiri na biyu. Mun fi mutum arba'in. Malamin ya iya aikinsa, ba zan ci amanarsa ba, amma aikinsa shi ne ya tsallakar da mutum jarrabawa. Yadda za ka bayyana jadawali da kalma 150 cikin minti 20, yadda za ka rubuta insha'i mai kalma 250 cikin minti 40, waɗanne kalmomi ne mai duba takarda ke so ya gani, yadda za ka tsinci amsa ba tare da ka karanta dukkan shafin ba. Duk wanda ke ajin yana da ranar jarrabawa a gabansa, yana da maki 7 da yake farauta. Ni ba ni da jirgin da zan hau. Sati uku ina zuwa, malamin bai taɓa riƙe takardata ba, kuma sau ɗaya tak na yi magana a aji, ita ma ta minti biyu. Ga shi ana farawa huɗu da rabi, in na tashi aiki ƙarfe huɗu na shiga cunkoso, na tsaya la'asar, sai in tarar an ci rabi. Na daina zuwa. Da na gaya wa uwargida sai ta ce, "Da ka ba ni kuɗin nan ai da buhun shinkafa ya shigo gida." Ban ce komai ba, don ta fi ni gaskiya.

Ga mai shirin fita waje, irin wannan wurin shi ya dace da shi. Ni ne na shiga motar da ba garinmu za ta ba.

A tsakanin nan wani abokin aikina, wanda na ɗan tsegunta masa, ya ce ina wahalar da kaina ne kawai. Ya buɗe ChatGPT a wayarsa, ya rubuta masa layi biyu, sai ga memo ya fito fes. Na gwada, kuma yana da amfani, ban ƙi ba. Na kuma sauke Duolingo na yi kwana tara, na kalli darussan BBC a YouTube har data ta ƙare. Amma abin da ya kunyata ni a otal ɗin nan ba rubutu ba ne. Ba za a yi maka tambaya a gaban mutum talatin ka ce a dakata ka duba waya ba. Sannan akwai takardun da ka yi rantsuwar riƙe sirrinsu, ba ka da hurumin zuba su a wata manhaja.

Inda na ƙare, ba ta talla na same shi ba. Masinjan ofishinmu na gani da wani littafin nahawu ya sha jiki, yana karantawa a kan benci. Na ce ina ka samo wannan? Ya ce, "Ranka ya daɗe, lesin nake zuwa da yamma." Ya kwatanta mini. Na yi kwana huɗu ina juya abin a raina, don zuwa can yana nufin zama aji ɗaya da yaron da nake aika sayo mini ƙosai.

Wata ƙaramar furamare ce mai zaman kanta, ana aron aji ɗaya bayan yara sun tashi. Ba allon talla, ba fom mai kala. Wadda ke koyarwa wata dattijuwa ce da ta yi ritaya bayan ta shafe shekaru tana koyar da Turanci a sakandaren 'yan mata. Da na gabatar da kaina na fara lissafo muƙami, sai ta ce, "Alhaji, ajiye wannan tukuna." Ta ba ni farar takarda ta ce in rubuta shafi guda a kan abin da na yi a ofis jiya. Da na gama ta kunna rikoda a wayarta ta ce in ba ta labarin aikin da muke yi a ƙauyuka, minti biyar, kada in tsaya. Ta kunna mini na ji kaina. Jama'a, in ba ka taɓa jin muryarka kana Turanci ba, ba ka san hali ba.

Ba ta karɓi ko sisi ba ranar. Ta zauna ta yi mini bayanin cewa akwai ma'aunin da Turai suka fitar mai hawa shida, daga A1 zuwa C2, kuma mutum ɗaya yana iya zama a hawa daban-daban. Ta ce karatuna yana can sama, saurarena ba laifi, rubutuna yana tsakiya amma fayil ya ɓata shi, maganata ce take ƙasa, kuma rashin yi ne ya jawo. Ta ce in zo in zauna sau biyu, in ya yi mini sai in biya. A duk yawon da na yi, ita ce ta farko da ta auna ni kafin ta faɗi kuɗi.

Mu goma sha biyu ne. Akwai ɗan kasuwar Kantin Kwari mai son ya daina dogara da tafinta in yana waya da masu kawo masa kaya, akwai malaman Islamiyya biyu, akwai matan aure biyu da ranar Asabar kawai suke samun zuwa saboda hidimar gida, ga masinjana, ga ni. Talata da Alhamis daga biyar saura kwata zuwa kiran magariba, sai Asabar da hantsi. Ranar farko masinjan ya miƙe tsaye zai ba ni kujerarsa yana "yallaɓai", Malama ta ce a nan ba yallaɓai, kowa ɗalibi ne, in mun koma ofis mu ci gaba da abinmu. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, yaron ya fi ni sakin baki. Yana ɓarin Turanci son ransa, ba ya jin komai, saboda ba shi da girman da zai zube. Ni kuwa kafin in furta jimla sai na auna ta sau uku. Har yau bai gaya wa kowa a ofis ba. Ni ne nan yau na tona kaina.

Abin da ya sa na ɗauko maganar minista tun farko shi ne yadda matar nan take koyarwa. Da Hausa take buɗe mana Turancin. Ta ce mu lura, in Bahaushe ya ce "na ci abinci", jimlar nan guda ta ɗauke abin da Bature ya raba biyu, "I ate" da "I have eaten", shi ya sa muke cakuɗa su. Ta nuna mana bambancin "littafi" da "littafin", ta ce ku riƙe wannan, shi ne ƙofar gane inda "a" take da inda "the" take, ko da yake ba ko'ina suke haɗuwa ba. Ta ce muna cewa "borrow me" ne saboda a Hausa "ara" ɗaya ce, "ara mini" da "na ara". A kan p da f kuma, da ake yi mana dariya a Kudu, ta ce Hausa ba ta raba su ba, don haka ba abin kunya ba ne, mu dai kula da inda ma'ana za ta sauya, kamar "copy" da "coffee". Wallahi a yamma ɗaya na gane abin da na yi shekara ashirin ina lalube. Na zauna a kan bencin yara ina tunanin da malamin furamarenmu ya san Turancin da Hausar irin yadda matar nan ta san su, da ban zo nan da furfura ba.

Don haka in an matsa sai na faɗi ra'ayina a kan muhawarar, ga shi. Tsarin da aka amince da shi a 2022 lokacin Malam Adamu Adamu ya ce a koyar da harshen uwa a shekara shida na furamare, wannan kuma ya zo ya ce a'a. A Ife, tun 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gwada koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma darasi ne da ƙwararren malami ke ɗauka, kuma yaran ba su faɗi ƙasa a Turancin ba. Ni abin da na gani da idona, mu ba Hausar aka koyar da mu da ita yadda ya kamata ba, ba Turancin ba. Ko wane harshe aka rubuta a takardar doka, malamin da ke gaban allo shi zai aiwatar, kuma ba na jin ana maganarsa.

Ba zan ce wurin nan ba shi da aibi ba. Bencin na 'yan aji uku ne, gwiwata tana gaya mini duk dare. In an ɗauke wuta zafi kamar gidan burodi. Ba satifiket ɗin da zan sa a fayil ɗina don ƙarin girma. Kuma komai a kan mace ɗaya yake, ranar da hawan jininta ya tashi babu aji, an yi haka sau biyu. Wanda yake buƙatar takardar shaida ko tsayayyen jadawali, wataƙila ya nemi manyan cibiyoyi ko sashen koyar da manya na wata jami'a. Amma ko ina za ka, kafin ka ciro kuɗi, ka tambayi kanka wane ɗaki ne Turanci ya kunyata ka a cikinsa, ɗakin taro ne, ko ɗakin jarrabawa, ko shago. Ka ce a bar ka ka zauna a aji ɗaya ka ƙirga kawuna, ka kuma ƙirga minti nawa ɗalibai suka yi suna magana, minti nawa malami ya yi. Ka duba littafin wani ɗalibi ka ga ko akwai jan biro a ciki. Kada ka biya kuɗin wata uku a dunƙule. Sannan ka bi hanyar a daidai lokacin da za ka riƙa binta, da motarka ko a-daidaita-sahu, ka ga ko za ka isa.

Wata na huɗu ke nan. Duk Asabar ina kai mata memo ɗaya da na rubuta da kaina, na cire sunaye da adadin kuɗi. Na farko ta dawo mini da shi kamar an yanka kaza a kai, jimla ɗaya ta ƙirga mata kalma 71. Na makon jiya gyara shida ne. Duk Alhamis kuma kowa sai ya tsaya gaban aji minti biyar, sauran su yi masa tambayoyin da bai shirya musu ba, kuma ɗan Kwarin nan ba ya raga mini ko kaɗan.

Masu tallafin sun sake kiran zama wata mai zuwa. Darakta yana gari wannan karon, amma na je na same shi na ce ya bar ni in gabatar da ɓangarena. Ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?" Na ce ban tabbata ba, ranka ya daɗe, amma a sa sunana. Malama ta ce Alhamis mai zuwa ita za ta zama Baturiyar, masinja kuma ta naɗa shi mai riƙe agogo.